Saukar da Na Yi a Hanyar Tawa

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Duk wanda ya san ni a Talata Mafara zai gaya maka haka. Bawa mai albasa, in ka neme shi da hantsi yana kasuwa, in ka neme shi da la'asar yana ƙofar gida yana zuba surutu. Mafi nisan inda ƙafata ta taɓa takawa Gusau ne, can ma kwana ɗaya na yi na ce a mai da ni, ruwansu bai karɓe ni ba. To amma sau ɗaya a rayuwata na tsallaka iyakar ƙasa, kuma na yi tsere a kan keke, da lamba manne a bayana kamar buhun da za a ɗora a mota.

Asalin maganar ruwa ce. Garinmu na haihuwa, Tungar Marke, can wajen Maradun, yana ƙarƙashin dam ɗin Bakolori yanzu. Shekarar da aka toshe gulbi, ruwa ya riƙa tasowa a hankali kamar baƙo mai kunya. Ya ci fadama, ya ci gonakin dawa, ya zo ya tsaya bakin masallaci kwana biyu, sannan ya shiga. Aka kwashe mutanenmu aka kai su wani tudu mai tsakuwa. Daga tudun nan kana hangen ruwa shimfiɗe har iyakar ganinka, amma in za ka jiƙa maƙoshi sai ka gangara tafiya mai nisa. Mata su fita da asuba da tuluna, su dawo rana ta take. Innata tana cikinsu, da gwiwarta mai ciwo. Na yi na yi ta dawo wurina a Mafara, ta ce ba ta barin inda take hangen ruwan da ya rufe kabarin mijinta. Ranar da na samu sarari nakan ɗaura jarka biyu a keke in kai mata, amma jarka biyu kwana nawa za su yi?

Lokacin ina kai albasa sansanin ma'aikatan dam. Akwai wani Bature a cikinsu, dogo, mai jan wuya, kullum da agogon danna-ka-tsayar rataye a ƙirjinsa, don haka muke ce masa Mai Agogo. Wata rana ya gan ni na hau gangaren sansanin da buhu biyu a bayan keke ban sauka ba. Ya tsai da ni, ya zagaya keken, ya zagaya ni, sannan ya kira Ja'e. Shi Ja'e taubashina ne, ɗan kawuna, direban babbar mota a kamfanin, yana jin yarensu kaɗan-kaɗan, kuma tun muna ƙanana bai taɓa barina na sha iska ba.

“Ɗan gidan Inna,” in ji Ja'e, “wanga Bature ya ce ƙahwahunka sun hi kanka amfani. Ni kuwa na ce mai ai an daɗe da sani.”

Da aka bar wasa, ga maganar. Wasu masu taimako a ƙasar Nijar sun shirya tafiyar keke daga Birnin Kwanni zuwa Tawa. Za a tashi ƙarfe bakwai na safe, a rufe ƙarfe biyu na rana. Duk wanda ya iso cikin lokacin, masu taimakon za su gina rijiya a ƙauyen da ya ambata. Ba a neman na ɗaya ko na biyu, agogo kawai za ka riga.

Na ce, “Rijiya sukutum? Don tuƙa keke?”

Ja'e ya ce, “Haka Turawa suke. Ba su ba ka abu sai sun ga ka wahala.”

Horo ya fara bayan an cire albasar fari. In na yi sallar asuba sai in same shi a bakin babbar hanyar ruwa, ya danna agogo, in kama tafiya: daga Bakolori in ratsa Mafara, in taɓa Bakura, in juyo. Allah ya sani na ji daɗin waɗannan safiyoyi. Mu da muka tashi mun san rani da fari fat, sai ga alkama kore shar a watan da ko akuya ba ta samun abin tsinka. Ruwa na tafiya cikin siminti ba ƙara, balbelu tsaye a gefe kamar masu jiran a ta da salla. Wani lokaci sai in ji kamar ba ni ke tuƙi ba, ƙasar ce ke zamewa a ƙarƙashina.

Sai dai kullum a makare nake dawowa. Mai Agogo ya rasa gane kan abin. Ya matsa ƙwaurina kamar mai sayen doki, ya sauya mini sarƙa, ya haɗa mini ruwan sukari da gishiri a gora. Duk a banza. Ran nan bai gaya mini ba, ya hau nasa siririn keken, wanda kamar da tsinken tsintsiya aka yi shi, ya biyo ni daga nesa. Ni kuwa na yi yadda na saba. Na zo wajen Ruwan Gizo, ga liman zaune ƙofar gida, na sauka, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina mai jiki, ƙaƙa Inna da ƙafa. Gaba kaɗan ga tsofaffi ƙarƙashin durumi, na sauka. Ga surukin yayana a kan jaki, na sauka. A Bakura kuwa ba a magana, rabin garin danginmu ne.

Da muka dawo ya jefar da kekensa a ƙasa, ya ware yatsu goma, ya ƙara ɗaya.

“Bawa! Sauka goma sha ɗaya! Ƙafa lafiya, baki ciwo!”

Ja'e ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na ce ya tambaye shi, a garinsu mutum yakan wuce sa'an ubansa yana bisa ƙarfe? Bature ya ce a garinsu ɗaga hannu ake yi. Ya nuna mini: hannu sama, kai ƙasa, ƙafa na aiki. Ya ce, “Ba sauka. Ba sannu. Sannu bayan rijiya.”

Washegari na gwada. Kuma don ƙaddara, mutum na farko da na gwada a kansa Baffa Sanda ne, ƙanin mahaifina, yana zaune bakin kasuwar Bakura yana gyaran igiyar shanu. Na ɗaga masa hannu na wuce fuu. Kafin Juma'a labari ya riga ni isa tudu. Na sauke jarkoki, na gai da Inna, ba ta amsa ba sai da ta gama tsince wakenta.

“An ce ka wuce ƙanin ubanka kana kaɗa mai hannu kamar mai korar ƙuda.”

“Inna, don rijiyar nan ce.”

“Rijiyar da aka gina da rashin kunya, wa ka shan ruwanta?”

Ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, tana murza gwiwa, tana kallon ruwan da ke ƙyalli can ƙasa. Can ta ce, “Tahi ka ba shi haƙuri. In kun je ƙasar mutane, inda ba wanda ya san uwarka, can ka yi abin da Baturenka ya ce.”

Haka aka yi. Na ba Baffa haƙuri da goro, muka mai da horo kan gaɓar hanyoyin ruwa inda ba kowa sai balbelu, su kuwa ba sa jiran gaisuwa. Nan take agogo ya fara yi mana dariya. Mai Agogo ya ce in dai haka zan yi, zan isa Tawa har in samu lokacin shan fura.

Ba zan tsaya kan yadda muka fita ba. Farkon bazara ne, motar Ja'e ta ɗauke mu da kekunanmu, na buɗe ido na gan ni a Kwanni da la'asar.

Abin da ya fara ba ni mamaki, Hausarmu suke yi, har da karin harshenmu, amma sun zuba mata wasu kalmomi kamar tsakuwa a shinkafa. Keke su ce belo, babbar mota su ce kamyo. Ina tsaye ina saurare sai na ji wata mata ta ƙwala wa ɗanta kira daga bayan katanga, muryar sak ta matata Hajo. Na juya da sauri. Katanga ce kawai da wata akuya. Nan na ji gida ya taso mini a ƙirji, ko kwana ban yi ba.

A nan ne wani mai faci ya same ni. Fara'a kamar mun sha nono ɗaya. “Ɗan'uwa, kai ne na Nijeriya? Kawo belon in sa mai mai, gobe ka tashi kamar shirwa. Tahi ka sha shayi, baƙo ba ya tsayuwa rana.” Na ji daɗi har na yi masa addu'a. Na tafi na sha shayina, irin nasu mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi, na dawo na tarar da keke yana walƙiya. Ban san abin da ke cikin taya ba.

Da safe muka jeru a bakin gari. Akwai Turawa, akwai 'yan makaranta daga Yamai, akwai sojoji masu ƙwauri kamar taɓarya. Kusan kowa da gajeren wando matsattse. Ni ma Mai Agogo ya ba ni irinsa, na duba na mayar masa, na ce wannan ko a ɗaki ba na sa shi gaban Hajo. Wandona na sa, na ɗaure bakin ƙafafun da roba. Aka manna mini lamba a bayan riga, aka rataya mini kati a wuya, wanda za a buga wa hatimi a hanya. Aka busa usur.

Zangon farko lafiya lau. Sanyin safiya bai gama watsewa ba, gonakin albasa a dama da hagu, warinsu ya sa na ji kamar ina gida. Muka kai mararrabar da hanya ke juyawa arewa. A ƙauyen farko ga tsofaffi zaune bisa tabarma. Ƙafata da kanta ta nemi ƙasa. Na tuna Inna da tulunta, na ɗaga hannu na wuce. Wallahi hannun nan ya fi buhun albasa nauyi. Wani tsoho ya ɗago ya ce, “Allah kiyaye hanya, ɗan belo!” Kunya ta bi ni har ƙauye na gaba. Na yi ta gaya wa kaina, ba wanda ya san uwarka, Bawa, ba wanda ya san uwarka.

Kafin Badagishiri na ji fuss a baya. Na sauka na ɓare taya. Sabon tib ɗin da Mai Agogo ya sa mini da hannunsa babu shi. Wani tsoho ne a ciki, faci kan faci kamar rigar mahaukaci. Na zauna a bakin hanya ina kallonsa, ina tuna addu'ar da na yi wa mai faci. Waɗanda na wuce suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga motar Ja'e, wadda ke bin mu a baya da ruwa da kayan gyara. Ya leƙo.

“Mi ya samu ɗan gidan Inna? Ko ka sauka ka gai da taya?”

Ya ga tib ɗin, ya daina dariya. Ya fito da wani, muka sa tare, ya buga iska da kansa har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, “Tashi. Gwaggona tana jiran ruwa.” Shi zai koma baya, akwai wani ɗan makaranta da ya faɗi.

A Badagishiri aka buga mini hatimi. Mai bugawa ya duba agogo ya ce har yanzu ina da rarar kamar rabin awa in ban yi wasa ba. Wata mai fura a gefen teburin ta kalle ni, ta cire hulata, ta tsoma cikin ruwan randarta, ta mayar mini a kai. Ruwan ya bi ta bayan kunnena ya gangara. Har yau in zafi ya yi zafi nakan tuna hannun matar nan.

Daga nan ƙasa ta sauya. Duwatsu jajaye, tudu bayan tudu, itatuwa gajeru masu ƙaya. Rana ta hau ta zauna a tsakiyar kai. Ba kowa gabana, ba kowa bayana, sai kukan sarƙa. Sai kawalwalniya ta fara. Can gaba kwalta ta zama ruwa, shimfiɗe, yana rawa, sak dam ɗinmu in ka hango shi daga tudu. Ina tuƙi ina matsowa, sai na ga kamar na shiga ciki. Ga ni a Tungar Marke, a ƙarƙashin ruwa, ina tafe a keke ba na jin nauyi. Ga marken bakin gari, ganyensa na lilo a hankali. Ga masallaci, ƙananan kifaye na shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Ga rijiyarmu ta dā, wadda ruwanta ke da sanyi da ɗan zaƙi, gugan Inna na rataye a bakinta yana yawo. Ga mahaifina zaune inda ya saba, yana sassaƙa ƙotar fartanya. Na ce a raina, wannan kam dole in sauka. Sai taya ta daki tsakuwa, na farka, ga kwalta busasshiya, ga ƙishirwa.

Ban yi nisa ba na hango mutane suna tsallaka hanya. Na ɗauka kawalwalniya ce kuma. Da na matso sai na ga makara.

Su biyar ne. Huɗu na ɗauke da ita, ɗaya na biye da buta da tabarma. Dukkansu tsofaffi, don a ƙasar nan in rani ya yi duk mai ƙarfi ya tafi ci-rani, ƙauyuka sai mata da masu furfura. Wanda ke riƙe da kusurwar baya ta hagu ƙafarsa na rawa, makarar na karkata wajensa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Gaisuwa ce Bature ya hana, Inna ta yafe. Ba wanda ya yi mini maganar gawa. A garinmu ko sarki ne kai, ba ka wuce makara a kan abin hawa. Na ce in tsaya kawai su wuce, in yi addu'a, minti ɗaya. Na sauka. Sai mai butar nan, wani siririn tsoho mai faɗin tafin hannu, ya dube ni ya ce, “Ɗana, kama muna nan.”

Na jingine keken a jikin wata aduwa, na sa kafaɗa.

Maƙabartar ba a bakin hanya take ba. Muka bi wani kwari, muka hau, muka sauka. Makarar ba nauyi, kamar an naɗe tsuntsu. Agogon Bature na bugawa cikin kaina, tak, tak, tak, har muka isa, sannan ya yi shiru. Sun riga sun yi mata salla a gida. Da na ga kabarin sai na tsaya ina kallo. Cikin dutse aka yanke shi, amma gefensa sumul kamar an shafe da hannu. Aka sa ta, aka jera itace, muka kwaɓa ƙasa, muka rufe. Ni ne mai ƙarfin cikinsu, don haka ni na yi yawancin turin ƙasa. Aka yi addu'a.

To, ka binne mutum ka tafi ba ka yi wa masu shi gaisuwa ba? Na durƙusa gaban tsohon nan mai buta. Sunansa Baba Alka. Wadda muka binne matarsa ce.

“Ina haƙuri, Baba?”

“Haƙuri sai ma'aiki.”

“Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta. Allah ya ba da dangana.”

“Amin, amin, ɗana.”

Bakin nan nawa da ba ya zama, na ce, “Baba, wa ya gina kabarin ga?”

Ya ce, “Ni. Ginar rijiya ce sana'ata tun ina saurayi. In ina cikin rami ita ka riƙe mani igiya, ba ni yarda da hannun kowa sai nata.” Ya juya tafin hannunsa yana kallo. “Ban taɓa ginar ramin da ba ni son in kai ƙarshenai ba sai wanga.”

Ya miƙo mini butar, na sha. Sannan ya lura da lambar da ke bayana, ya ce wannan fa, ko daga gidan kaso na gudo? Sauran tsofaffin suka yi 'yar dariya, irin ta maƙabarta. Na ba shi labari, kuma ka san ni, ban iya gajarta zance ba: Tungar Marke, tudu, gwiwar Inna, Bature da agogonsa, ƙarfe biyu. Ya ɗaga kai ya dubi rana. Fuskarsa ta sauya.

“Kai wane irin mutum ne? Mi kake jira? Tashi! Wa sunanka?”

“Bawa mai albasa, kasuwar Talata Mafara!” Da gudu na faɗa, ina hawan kwarin.

Abin da ya rage na hanyar ban iya ba da labarinsa da kyau. Na san na tuƙa kamar ana bi na da wuta. Na san cinyata ta ɗaure sau biyu, na dake ta da hannu na ci gaba. Na san na yi ta kiran sunan Allah da na Inna a haɗe. Da rufin kwanon Tawa ya fara ƙyalli, na ji kiran sallar azahar daga nesa, na ce ko dai, ko dai.

Na tarar ana naɗe igiyar da aka gitta a hanya. Teburin hatimi an kife shi a bayan mota. Mai Agogo na tsaye cikin rana ba hula, shi ya daɗe da isowa, amma rakiya kawai ya yi, ba shi da lamba. Ya dubi agogo, ya dubi wandona da jar ƙasa ta ɓata har gwiwa.

“Ka sauka,” in ji shi.

“Na sauka.”

Minti ashirin da biyar na makara. Ja'e ya iso, na gaya masa abin da ya tsai da ni, ya juya wa Bature da yarensu. Bature ya tafi wurin masu shirin, na hango shi yana magana da hannu biyu. Suka zo da kansu suka gaishe ni, suka ce sun ji, sun tausaya, amma sharaɗin da aka yi da masu bayarwa ke nan, in an karya wa ɗaya an karya wa kowa. Ban ga laifinsu ba. Mai Agogo ya cire agogon daga wuyansa ya sa a aljihu. Ran nan na fara ganin ƙirjinsa ba shi. Ja'e kuwa, daga Tawa har gida bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na hau tudu na sami Inna a inuwar zana. Na gaishe ta, na ce, “Inna, ba a samu ba.” Na ba ta labari duka. Ta saurara tana murza gwiwa.

“An sa ta da kyau?”

“An sa ta da kyau.”

“Ka yi masu gaisuwa?”

“Na yi.”

“To. Duba jarkar can ko da saura.”

Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na yi wauta ba. Da asuba na ji motsinta, na fito na gan ta ta ɗauki tulu tana gangarawa, tana ɗingishi. Na karɓe tulun na tafi da kaina. A hanya na yi kukan da ban yi a Tawa ba.

Aka yi kusan wata biyu. Bazara ta kai maƙura, ko tsuntsu ba ya tashi da rana. Wata Talata ina tsakiyar ciniki na ji ana tambaya a layin 'yan albasa, wai ina Bawa, wanda ya tafi Nijar da belo. Kalmar belo ce ta sa na miƙe. Baba Alka ne, da dagi da diga ɗaure a kafaɗa, da naɗin igiya, da ƙannensa biyu da suka dawo daga ci-rani. Na durƙusa cikin ɓawon albasa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ba agogon da ke jiran kowa.

Ya ce, “An yi sadakar arba'in. Zaman gida ya ishe ni, ko'ina na duba ita nike gani. Kai mu tudun nan mu gani.”

Kwana biyu yana yawo a tudun bai taɓa dagi ba. Ya duba inda suri yake, ya duba wane itace ke da ganye a wannan zafin, ya ɗebi ƙasa ya murza ya ɗanɗana. Ramin farko ya ci kwana tara, suka ci karo da dutsen da ya ƙi fashewa. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Baba Alka ya matsa gabas kusa da wani gawo, ya sake farawa. Mata suna kawo tuwo, maza suna jan ƙasa. Da ramin ya yi zurfi ya ce wa zai riƙe masa igiya. Ƙannensa suka matso, ya girgiza kai, ya nuna ni. Na bar kasuwa na riƙe igiyar nan kwana goma sha shida, hannuna duk ya yi kanta.

Wata safiya muka hango siririn keke na hawowa. Mai Agogo ne, Ja'e na biye da siminti a mota don bakin rijiya. Tun daga nesa, da ya hango Inna da tsofaffi zaune, sai ya sauka ya turo keken da hannu. Ja'e ya leƙo ta taga ya ce, “Ɗan gidan Inna, ka gani? Ka lalata muna Bature.”

Ranar da ruwa ya zo, igiyar ce ta fara gaya mini. Na ji ta yi wani irin girgiza, sannan murya ta taso daga ƙasa, siririya kamar daga wata duniya: “Jawo!” Na jawo. Laka ce a gugan, baƙa, mai sanyi. Zuwa la'asar ta kwanta. Baba Alka ya fito, ya tace a ƙwarya da bakin rawaninsa, ya ce a kai wa mai gwiwa.

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta yi bisimilla, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ta juya ta dubi dam can ƙasa, inda rijiyarmu ta dā take kwance, ta daɗe tana kallo, sannan ta haɗiye.

“Da ɗan kanwa-kanwa,” in ji ta. “Bai kai na garinmu ba.”

Ta miƙo mini ƙwaryar.

“Ƙaro mani.”